Hannu Biyu Cikin Zanen Hilda

Scarwick,
12 ga Maris, 1984

Zuwa ga Thelma, 'yar ƙanena,

Bayan gaisuwa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ta ƙi, ta dama tana koyi da ita. Likita ya hana ni taba, ni kuma na hana shi shiga harkata. In ban da wannan, lafiya lau.

Za ki ga a bayan ambulan na rubuta Thelma Verrill. Sunan da ubanki Matty ya sa miki ke nan a cocin kan tudu, ina tsaye a wurin. Ita wannan Nora Venn da ake bugawa a jarida ban san ta ba, ban san iyayenta ba. In mai rabon wasiƙa na London ya kasa gane ki, shi ta shafa.

Takardarki ta zo ran Laraba. Shekara shida ba na ganin komai daga gare ki sai katin Kirsimeti mai hoton tsuntsu, kwatsam sai ga shafi uku. Na ce wa Dolly Theaker ta gidan kusa, "Ko dai mutuwa za ta yi, ko wani abu take so." Dolly ta ce, "Kai dai Isaac, bakinka bai san alheri ba." Na buɗe, ashe ni ke da gaskiya. An ba ki fim, za ki fito matar masunci a gari irin namu kafin yaƙi, kina so in aiko miki da farar hular matata Hilda ki sa.

Ba zan bayar ba. Gara in faɗa tun daga sama kada ki wahalar da idonki. Teku ya ci ubanki, ciwon huhu ya ci uwarki a Leeds, Hilda ta je ta ɗauko ki kina shekara goma sha ɗaya da ƙwarƙwata cike da kai, ta zauna bakin murhu ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da muka kai ta kabari duk garin nan ya hau tudu. Har Ned Unthank, da ba ma magana tun da ya yanke min igiyar tarkon ƙaguwa a 1961, ya zo ya kama akwatin. Ke kaɗai ce babu. Furanni kika aiko masu faɗin ƙofa, sai da aka karkata su kafin su shiga. Hular tana inda mai ita ta ajiye ta, kuma nan za ta zauna.

Sai maganar takardun fim ɗin da kika haɗo, wai in duba ko akwai kuskure. Ni da na bar makaranta ina shekara goma sha biyu. To na duba, da gilashin ƙara girma, kwana uku. Wanda ya rubuta abin nan bai taɓa ganin kifi ba sai a faranti. Ya sa mutum yana fito da baki a cikin jirgi, kamar bai san guguwa yake kira ba. Ya sa mace tana wanki ranar da mijinta ya fita teku, abin da kowa ya san yana jawo wa mai fita bala'i. Duk na haɗiye. Amma shafi na arba'in da ɗaya! Wai kin tsaya bakin gaɓa, jirgin mijinki na fita, kina ɗaga masa farin hankici. Thelma, ke da kika yi shekara shida a gidan nan kina sa wa ƙugiyoyina koto kowace safiya har yatsunki su tsage, kin taɓa ganin matar Scarwick ta ɗaga wa jirgi hannu? Teku in ya ga hannu a sama, ɗauka yake kiran sa ake yi. In kika yi wannan a majigi kin zagi duk matan da ke kwance kan tudun nan, har da wadda kike neman hularta.

Kuma wai a Cornwall za a ɗauka. Labarin mutanen Yorkshire, a Cornwall. Ko ruwansu ba launin namu ba ne.

Ba na kallon talabijin, kin san ba ni da ita. Amma na ji ana cewa yadda suka fitar da ke daga wasan nan na Bayan Tasha bai dace ba. Shekara goma sha ɗaya kina Madam Pickering mai kantin jarida, ƙarshenta su jefo ki daga kan tsani wajen sauya ƙwan lantarki. Mace mai hankali irin wannan ba za ta hau tsani da silifas ba. Abin da na ji ana faɗa ke nan.

Baffanki,
Isaac Verrill


London,
19 ga Maris, 1984

Baffa Isaac,

Na gode da amsa, ko da ta zo da ƙaya. Ina gaishe ka, ina gai da gwiwoyin duka biyu. Ka gai da Dolly, ka ce na gode da take barin ka kana "jin ana faɗa" daga kujerarta ta kusa da murhu, har ka ji silifas.

Hula taka ce, ba zan sake roƙo ba. Amma bari in gaya maka inda nake tsaye. Shekarata arba'in da bakwai. London ba ta karɓe ni da farko ba, na fara da share dandalin wasa a Scarborough. Na yi shekara tara ina bin garuruwa, sabon wasa kowane mako, ina kwana ɗakunan haya masu warin kabeji, kafin a ba ni layi ɗaya tak a talabijin. Tun da Madam Pickering ta faɗo daga tsani, shekara biyu ke nan, aiki biyu na samu: tallar garin sabulu, da gawa a wani wasan 'yan sanda, inda na yini ƙarƙashin mayafi ƙafata kaɗai ta fito. Ban taɓa riƙe fim daga farko zuwa ƙarshe ba sai wannan. In ya suɓuce, babu wani a bayansa.

Maganar hankici, na san ba a yi. Na gaya wa darakta tun ranar farko. Julian sunansa, ɗan shekara talatin da biyu. Ya ce saboda wannan hoton ya ɗauko fim ɗin, shi za a manna a bango, kuma mai kallo a Birmingham in bai ga hannu a sama ba zai ce matar ba ta son mijinta. Akwai mata uku da ke jiran in yi gardama su shige rigata.

Kuma Baffa, mai kallon nan bai yi ƙarya ba, don ni ma haka na ɗauka. Ranar da na bar Scarwick ina shekara goma sha bakwai, da akwatin kwali, ba wanda ya raka ni tasha. Na kai saman tudu na juyo. Kai ka riga ka ba ni baya ka nufi rumfar jirgi. Inna Hilda na bakin ƙofa kamar an dasa ta. Na ɗaga hannu, na yi ta ɗagawa har ya gaji. Ko yatsa ba ta motsa ba. Duk zuwan da na yi bayan nan haka muke rabuwa, har na rage zuwa. Na san ba a ɗaga wa jirgin masunta hannu, amma ni ba teku za ni ba. Na ce a raina, 'yar riƙo ce, an sauke nauyi.

Jana'iza kuwa, takardar wayar tangarahu da ka buga tana jakata har yau. Kalma tara ce: HILDA TA RASU. JANA'IZA ALHAMIS. KADA KI BAR AIKINKI. Na riga na ɗauko kwat ɗina lokacin da na kai layi na uku. Ka ce kada in zo, ban zo ba. Na yi kukana a ɗakin kwalliya, aka gyara min fuska, na fita na sayar da jarida a gaban kyamara.

Daga farkon Afrilu ina Cornwall. Adireshin na ƙasa.

Thelma


Scarwick,
27 ga Afrilu, 1984

Thelma,

Ina gaisuwa. Na san na daɗe. Mako biyu ƙirji ne ya kwantar da ni, Dolly ta yi ta ɗura min romon kaza kamar tana fansar wani laifi. Sauran ukun kuwa fushi ne. Takarda uku na rubuta miki na jefa murhu, kuma ki gode wa Allah.

'Yar riƙo. An sauke nauyi. Wannan magana in da namiji ne ya faɗa min ita a mashaya, da tsufana da komai sai an raba mu.

Saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Kwana biyu kafin tafiyarki muna shan shayi, kin fita, Hilda ta ce, "Isaac, London ɗin nan ka taɓa zuwa?" Na ce a'a. Ta ce, "Ka san zurfinsa?" Na ce a'a. Ta ce, "Ka san wanda ya je ya dawo yadda ya tafi?" Na kurɓi shayina. Ta ce, "To teku ne. Yadda ake sallamar mai fita teku, haka za mu sallame ta. Ba rakiya, ba kira daga baya, ba hannu." Ubanki ranar da ya fita bai dawo ba, uwarki ce ta ɗaga masa hannu daga taga. Baƙuwa ce 'yar Leeds, ba wanda ya gaya mata, ban kuma taɓa ɗora mata laifi ba. Amma Hilda ta gani. Kina tsammani bayan wannan za ta ɗaga miki?

Da kika ɓace bayan tudu na dawo na same ta zaune. Ta ce, "Ta ɗaga mana hannu, Isaac." Na ce, "Na gani." Ta ce, "Ta ina ka gani, kai da ka ba da baya?" Na ce, "Rumfa tana da taga." Mako guda ba ta yi wanki ba, sai da katinki ya zo cewa kin sauka.

Wayar nan kuma, haka ake bugawa. Lokacin da uwata ta rasu ina kan babban jirgi wajen Iceland, abin da aka aika wa kyaftin ke nan. Ba a kiran mutum daga teku. Wanda aka kira ya juyo ba ya ƙara ganin sa'a. Shi ne ke duba hanya ya zo in zai iya. Na rubuta abin da ya kamata a rubuta, sannan na tsaya ƙofar coci ina duban hanyar mota har fasto ya taɓa kafaɗata. Ban yi makarantar da ake koya wa mutum yadda 'yan London ke karanta waya ba. Ban ce na yi laifi ba. Na ce ban sani ba.

Hula ba zan aiko ba, har yanzu. Ta zuwa coci ce, ba macen da ke sa farar hula ta sauka bakin gaɓa, wannan ma kuskuren mai rubutunku ne. Ga abin da take sawa, yana cikin ƙunshin nan: zanen aikinta, wanda take ɗaurawa a gaba. Da can shuɗi ne. Ki ɗaga shi ga haske, za ki ga wuri biyu a tsakiya inda zaren ya sirance har rana na ɓullowa. Nan manyan yatsunta suke. Shekara arba'in da huɗu, duk safiyar da na tura jirgi, naɗe hannuwanta take yi a ciki ta murɗe tam, don kada su tashi da kansu. Ranar da kika tafi sai da igiyarsa ta tsinke. Ga ɗinkin nan da baƙin zare, ba ta da shuɗi ranar.

Aro ne. Kada kowa ya wanke shi, kada kuma masu kayan wasanku su ce za su gyara ɗinkin.

Baffanki,
Isaac


Scarwick,
18 ga Mayu, 1984

Thelma,

Gaisuwa. Ƙirji ya yi sauƙi. Mako uku ke nan ba amsa, ko ki ce ƙunshi ya iso. In fushi kike, kin gaje shi ta hanyar da ta dace, ba zan yi ƙorafi ba.

Jiya Dolly ta shigo ba sallama da jarida a hannu. An rubuta wai Nora Venn ta saɓa da darakta, an dakatar da ita, ana maganar kawo wata. Dolly ta ce, "Ka ga aikinka? Ka zauna nan da gilashin ƙara girma ka kashe wa yarinya sana'a." Na ce ta fita min daga gida. Ta fita, ta dawo ta ɗauki tukunyarta.

Ban yi barcin rana ba, na zagaya bakin gaɓa sau biyu. Ga abin da na yanke. In aikin zai tafi saboda hannu, ɗaga hannun. Matan da ke kan tudu sun san yadda neman abinci yake, sun yi abin da ya fi wannan ɗaci. In wani a garin nan ya buɗe baki, zan ce ni na sa ki, ya zo ya same ni. Sai dai in da hali ki roƙe su mutanen su sauka daga jirgin tukun, a tura shi ba kowa. Ko 'yan Cornwall ne, suna da iyaye.

Shekara talatin kika yi kina hawa, daga tsintsiya. Ba tsoho mai ruɓaɓɓiyar gwiwa ne zai jawo ki ƙasa ba.

Isaac


Cornwall,
26 ga Mayu, 1984

Baffana,

Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau, sai kunar iska a fuska. Ƙunshi ya iso tun tuni. Ba fushi ba ne. Na ɗaga zanen ga taga kamar yadda ka ce, na ga wurare biyun nan, sai na kasa rubuta komai. Sau huɗu na fara ina yagawa. Da alama yaga takarda a jininmu yake.

Jarida ba ta yi ƙarya ba. Na kai wa Julian zanen na yi masa bayani. Ya ce, "Nora, abin tausayi ne ƙwarai, amma ni fim nake yi, ba gidan ajiye kayan tarihi ba." Na ce, "Ni kuma mace nake yi, ba tutar jirgi ba." Ya tura ni masauki, kwana biyar ina kallon bango. Ran na shida ya aiko: Asabar za a ɗauki fitar jirgi, ruwa sau ɗaya zai cika yadda ake so, ko in ɗaga hankici ko wata ta iso a jirgin ƙasan Litinin.

Safiyar Asabar ɗin takardarka ta uku ta zo. Baffa, tun da nake ban taɓa jin ka janye magana ba. Ned Unthank shekara ashirin da uku yana jira. Na karanta inda ka ce in ɗaga, na ninke takardar na sa a ƙirji, na ɗaura zanen Inna, na karɓi hankicinsu.

Aka ce a fara. Jirgi ya bar gaɓa. Na ji hannuna na dama yana tashi, wallahi ba wasa nake ba, da kansa yake tashi. Sai na cusa shi cikin zanen har da hankicin, na bi shi da na hagu na murɗe. Yatsuna suka faɗa daidai inda nata suke. Julian na ihu ta lasifika, "Hannu, Nora! Hannu!" Ban ji zan iya ba ko da na so. Mai kyamara bai tsaya ba. Jirgi ya wuce bakin dutse, ruwa ya fara janyewa, shi ke nan ranar ta tafi.

Julian ya tako har gabana, fuska kamar takarda. Ya ce, "Kin san abin da kika yi?" Na ce, "Na sani." Ya ce, "Kin san nawa ne mutanen da kika ɓata wa yini?" Kafin in amsa, tsohon da ya ba mu hayar jirgin, Mista Trewin, da ke zaune kan tarin igiya tun safe, ya cire lofen taba daga baki ya ce, "Yaro, uwata ke nan ka ɗauka. In ka zubar, kai ka sani."

Litinin ta zo, ba wadda ta sauka daga jirgin ƙasa. Julian ya kalli abin da aka ɗauka, bai ce min ya yi kyau ba, ya dai ce, "Gobe ƙarfe shida." Ina nan ke nan, za mu gama a Yuni. Amma ya sa wa wata rigata, ya ɗauke ta daga nesa ta baya tana kaɗa hankici. Duka biyun suna hannunsa. Wanda zai sa, sai ranar da fim ya fito, ni ma a kujerar kallo zan gani.

Abu ɗaya nake nema, ba hula ba. Na yarda ban iya karanta wayarka ba. Amma shekara shida na yi da kalma taran nan, ina so in ga wata da hannunka. Rubuta min "zo". Ita kaɗai.

'Yarka,
Thelma


Scarwick,
2 ga Yuni, 1984

Thelma,

Gaisuwa. Na karanta, na ba Dolly ta karanta, ta dawo da tukunya. Ashe a Cornwall ma akwai mutane. Ki gai da Trewin ɗin nan.

Abin da kika nema na gani. Ba yanzu ba. Kada kuma ki karanta wannan irin karatun London. Jirginki bai shigo ba tukun, abin da nake nufi ke nan, ba wani abu ba.

Isaac


Scarwick,
24 ga Fabrairu, 1985

'Yata Thelma,

Ina gaishe ki da kyau. Sanyin bana ya kashe tsofaffi uku a garin nan, ban shiga cikinsu ba. Katunanki duk sun iso, da na Kirsimeti. Na lura kin sake tsuntsu.

Jiya Asabar muka je Whitby kallon fim ɗinki da rana. Dolly ta haɗa mota guda, mutum talatin da ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa gaishe ki ba suna cewa su suka yi miki goyo. Na sa kwat ɗin aurena. Ned Unthank ya shigo daga ƙarshe, kujera ɗaya ta rage, kusa da ni. Mil goma sha ɗaya ba wanda ya ce wa wani ci kanka.

Rabona da gidan majigi tun Hilda na da rai. An raba shi uku yanzu kamar akurkin kaji. A ƙofa na duba hoton bango, fuskarki ce kawai, ba hannu ba hankici, ban gane komai daga nan ba. Muka shiga. Fito ɗin nan na cikin jirgi ba su cire ba, duk layinmu ya yi tsaki lokaci ɗaya har na gaba suka juyo. Ruwan kuma na Cornwall ne, ba yadda za a ɓoye.

Sai ga shafi na arba'in da ɗaya. Na san shi ne tun da aka fara tura jirgi. Gaskiya zan faɗa miki, na sa ido a ƙasa, ina duban takalmina. Dolly ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ɗago kai, matsoraci." Na ɗago.

Kina tsaye. Kafaɗarki ta dama ta fara tashi, duk ɗakin ya gani. Sai hannun ya shige zane. Daga nan yaron nan bai ƙara nuna jirgi ba, bai nuna teku ba, bai ma nuna fuskarki ba. Hannuwa kawai, sun cika bango daga wannan gefe zuwa wancan, suna murɗawa. Ɗinkin baƙin zaren nan ya fito da kaurin igiyar anga. Ba kiɗa, ba magana. Ban san ko minti nawa ba ne. A ɗakin nan akwai matan da mazansu ke ƙarƙashin ruwa tun kafin a haifi daraktanku, ba wadda ta yi tari. Na duba layinmu, rabinsu hannuwansu na cikin kwat a dunƙule, ba su ma sani ba.

Ned ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hilda ce." Na ce, "Na sani." Maganarmu ta farko ke nan tun 1961.

Da aka gama sunaye suka fara hawa, naki ne na farko, da manyan baƙaƙe, Nora Venn. Ban san lokacin da gwiwoyin nan suka miƙe ba. Na ce, "Thelma Verrill ce! 'Yar Matty ce, ta Scarwick, a gidana ta tashi!" Mai tocila ta zo ta ce, "Baba, don Allah zauna." Ned ya ce mata, "Ƙyale shi, gaskiya yake faɗa." Sai aka yi tafi. Ban sani ba ko ke ake wa ko ni. Maganar igiyar tarko dai tana nan, ban yafe ba, amma na bar shi ya saya min giya kofi ɗaya.

Jaridar yau ta ce ba a ga irin wannan wasa ba a shekarar nan, wai shekara talatin ana da ke ba a san abin da ake da shi ba. Su ne ba su sani ba. Na yanke na sa a gwangwanin biskit. Ba ki san da shi ba. Hilda ta fara tun daga takardar Scarborough da aka rubuta sunanki a can ƙasa tare da masu jan labule. Inda kika ga yankan ya fara karkacewa, daga nan ni ne. Har ƙafar nan ta wasan 'yan sanda na gane, yatsun ubanki ne.

Yanzu sai abin da kika nema. Wata tara kina jira, na sani, Dolly ba ta bar ni na manta ba ko kwana ɗaya. Ba a kiran wanda ke teku, wannan ban janye ba, ba kuma zan janye ba. Amma jiya na ga jirginki ya shigo da idona, an ɗaure shi. Wanda ya sauka ana kiran sa.

Zo.

Ki taho da zanen. Ɗakinki na nan, sai dai na ajiye taru a kan gadon, zan kwashe. Ranar komawarki kuma kada ki sa rai, ba zan raka ki mota ba, ba zan ɗaga miki hannu ba. In kin kai saman tudu kin juyo, ki duba tagar rumfa.

Baffanki,
Isaac Verrill